Gishiri a Kan Ɗan Fari

Jiya jikana ya kai ni wata gona bayan garin Lyon, inda tumaki ke haihuwa cikin rumfar leda, sai ka ce tumatir. Warinsu ya mayar da ni gida.

Wata rana ina yaro, tunkiyarmu ta ƙi ɗanta. Kaka ta barbaɗa masa gishiri, uwar ta lashe shi, ta ba shi nono. Ni kuwa ɗan fari ne, Inna ko sunana ba ta kamawa don kunya. Da yake basirata ta daɗe, na shafe kaina da gishiri, na tsaya gabanta.

Ta waiga, ba kowa. Ta jawo ni, ta goge mini da bakin zanenta.

"Sakarai," ta ce a hankali, "wa ya ce an ƙi ka?"

Jikana ya tambaye ni me ya sami idona. Na ce zafin leda ne.