Darbejiyar Kakan Karima

Karima tana watsa wa kurciyoyi gero a lambun shaƙatawa na bakin kogin Nilu, Nasidi kuwa, ɗalibin da ya zo karatu Khartoum daga Zariya, yana gefenta yana murmushi.

"Na gama magana da Babanki jiya," ya ce. "Ana ɗaura aure zan mayar da ke can wajenmu, ƙasarku ta asali, ki huta da zaman baƙunta."

Hannunta ya tsaya cak. Ta juyo ta dube shi sama da ƙasa.

"Baƙunta? A Umdurman, nan tsallaken kogi, aka yanke cibiyata, Malam Nasidi. Har ka gama da Baba, ni ba ka tambaye ni ba?"

"Ai na ɗauka za ki yi murna."

Ta nuna wata ƙatuwar darbejiya da kurciyoyin suka yi sheƙa a kai.

"Kakana ne ya dasa ta, lokacin yana aikin lambun nan. Shekara sittin ke nan, ban taɓa jin an kira ta baƙuwa ba."

Ta kakkaɓe geron hannunta, ta gyara mayafi.

"Ka tumɓuke ta ka kai Zariya. In ta yi rai, ka dawo ka ɗauke ni."