Ɗumin da Ke Juya Kumbo

"Mai ya ƙare," in ji shugaban sashenmu. "Nan da kwana tara kumbon zai juya wa duniya baya. Shi ke nan."

Shekara talatin yana tafiya a sararin samaniya, batirinsa na nukiliya na ci a hankali kamar garwashi. Yanzu eriyarsa na kaucewa, ba mu da abin daidaita ta.

Baba ne ya zana shi. Na kwashi takardun zanen na nufi asibiti, inda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi wata bakwai, fuskarsa na kallon bango.

"Baba, ɗan autanka zai ɓace. Kai da ka fi sonsa a kaina, don Allah ka ce wani abu!"

Na buɗe takardun. A gefen zanen ga tsohon rubutunsa: "Zafin da ke fita daga jikinsa ma yana tura shi, ko da turin bai kai nauyin gashi ba." Jiya na nuna wa shugaba, ya yi tsaki.

Na haƙura, na ɗora tafina mai ɗumi a kumatunsa ina kuka. Minti goma, minti ashirin. A hankali, kamar ba motsi ba, fuskar ta bar bango ta juyo gare ni.

Na ciro waya da ɗaya hannun, na kira shugaba.

"Ranka ya daɗe, a kunna na'urar ɗumama ta hagun kumbon, a kashe sauran. A bar shi haka kwana tara."

"Wannan ɗan ɗumin zai isa?"

"Zai isa," na ce, idon Baba na cikin nawa.