Yatsun Khaulat

Khaulat na liƙa waya da dalma a jikin allon kwamfutar da ta zana da kanta, sai ga Zaharaddeen, manemin aurenta, a ƙofar ɗakin gwaji yana murza hula.

"Hajiyarmu ta ga yatsunki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wai lalle ba zai ɓoye tabon ƙuna ba. Ki bar karatun nan, sai a sa rana."

Ta dube shi har ya kau da kai.

"Sojoji ma sun sauka daga mulki, Malam, kai za ka kafa mini doka? Ko ka riƙe mini wayar nan, ko ka daina tare mini haske."

Ya jima a tsaye, sannan ya sa hularsa ya fita. Ita kuwa ta ƙarasa liƙinta.