Mutum-Mutumi Na Huɗu

Bokiti uku take ɗebowa kowace safiya daga famfon bayan gidan waya, alhali mutum-mutumin da ke tsakiyar dandalin huɗu ne.

Su ne mutanen da suka tsaya kai da fata sai an bar talaka ya zaɓi mai mulkarsa, aka ɗaure su, biyu suka mutu a tsare. Yanzu ga su an ƙera su da tagulla, sun ba tsohon gidan yari baya, suna fuskantar kotun da ta yanke musu hukunci. Shekara goma sha tara tsohuwar da ake kira Iya Tsintsiya tana share ƙarƙashinsu. Ukun farko takan hau tsani, duk da ciwon gwiwa, ta wanke su har bayan kunne kamar 'ya'yan cikinta. Na huɗun kuwa, jagoransu Malamin Makaranta, wanda ya fi su tsayi da kyan riga, sunansa da ke rubuce a ƙasa kawai take gogewa har ya yi ƙyalli. Daga ƙafa zuwa kai ta bar wa tantabaru.

Mai hoton dandalin yakan tsokane ta, wai ko Malamin ya taɓa nemanta ne ya fasa. Takan ce masa ya fara wanke wuyan rigarsa kafin ya sa baki a wankin manya.

Ana haka aka kawo sabon shugaban masu shara, matashi mai yawo da takarda a hannu. Minista zai zo ajiye furanni ranar Laraba. Shugaban ya ɗaga kai ya ga kan Malamin fari fat da kashin tsuntsu, ya ce ta wanke. Ta ce ba za ta wanke ba, ya sa wani in yana so, amma ba da bokitinta ba. A gaban sauran masu shara ta faɗa, shi ya sa abin ya tsaya masa a wuya. Ya rantse cewa da hannunta za ta wanke, ko ta ajiye tsintsiya da makullin ɗakin da take kwana a gindin hasumiyar agogo.

Kowa ya san ba ta da wurin zuwa. Tun da ƙuruciya ta fito daga gidan miji, ba ta koma ba, ba ta sake aure ba, ba ta kuma taɓa faɗin dalili ba.

Ranar Talata ta ɗebo bokitinta uku.

Shugaban ya ɗauka jahilci ne ke damunta. Ya ja ta zuwa gidan yarin, wanda yanzu ya zama gidan tarihi, ya tsayar da ita gaban hoton jaridar ranar hukunci, wanda maƙerin ya duba ya yi aikinsa. Mutum huɗu tsaye a matakalar kotu, wani kuma zaune a ƙasa, an naɗe masa kai da tsumma.

"Dubi wanda kike wulaƙantawa, Iya," ya ce, yana nuna dogon. "Ba don shi ba, da ni da ke ba mu isa mu buɗe baki ba."

"Ɗan nan, kai da ka yi karatu, dubi hannayensu."

Ya duba. Uku da ankwa. Na zaunen ma da ankwa. Dogon ne kaɗai hannunsa sake.

Ta ɗora yatsa a kan na zaunen ta ce ga Malami nan, duka ne ya hana shi tsayuwa. Maƙeri ya ƙirga huɗu a tsaye, ya ba mai kyan riga girma. Tun shekarar da aka kafa su ta je ofis ta faɗa, aka ce tagulla an riga an zuba, ta koma ta yi shararta.

Shugaban ya sake duba hoton. Ya tambaye ta to wane ne dogon, kuma ita ta yaya ta sani.

Ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta danƙa masa a hannu.

"Shi ya kai sunayensu, shi ya ba da shaida a kansu. Rigar nan ni na goge masa ita da safiyar ranar, ban san inda za shi da ita ba. Mijina ne."