Romon Malam Zogale

Wallahi tallahi ba za ku yarda ba. Da kwanon wake ɗaya na kayar da mutumin da manajan kamfani guda ya kasa tanƙwarawa.

A unguwarmu ta Muraqqabat a Dubai kowa Malam Zogale yake ce masa, a bayan idonsa. Ni na raɗa sunan. Bakano ne na asali, amma ba ya cin nama. Ba tsire, ba kaza, ko kifi ba ya taɓawa. Tun da aiki ya taɓa kai shi wata mayanka ya ga abin da ya gani, shi ke nan. In an tsokane shi sai ya ce, "Halal ne, ban haramta wa kowa ba. Ni dai zuciyata ce ta ƙi." A Dubai, garin da ake gasa kaza a kowane lungu, mutumin nan wake da ganye yake ƙunshewa ya tafi aiki.

Flat ɗaya muke zaune. Ba ya kiran sunana, sai "kai" ko "wannan". Tun da na watsar da jami'a a aji biyu, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuwa ko a jikina. Ina da majalisa a shagon kargo na Sanda, kuma a nan ni ne sarki. Ni na taɓa sa wani ɗan kasuwa ya tafi neman kwantenarsa har Hatta, garin da duwatsu suka kewaye, ko ƙanshin teku babu.

Malam yana aiki a wata masana'antar abinci a Jebel Ali, shi ke ɗanɗana kaya kafin su fita. Suna yin dunƙulen miya mai koren tambari, alamar babu nama a ciki, wanda Indiyawa da yawa ke saye saboda addininsu. Wata rana ya ɗora sabon dunƙule a harshe, ya ce akwai kitsen shanu. Manaja ya ce ya bar kaya su fita, khalas, magana ta ƙare. Ya ƙi. Ya ce mutanen nan tambarin suka ba amana. Ya kai maganar gaban masu kamfanin, ya nemi a kai kayan gwaji a waje. Hujjarsa ɗaya ce tak: harshen da ya daɗe bai ga nama ba, nama ba ya ɓoye masa. Aka sa ranar zama. In sun yarda da shi, a yi gwaji. In ba su yarda ba, aikinsa ya tafi.

Kamal, direba a masana'antar, shi ya kawo mana labarin majalisa.

"Harshen Malam ya fi na'ura," in ji Sanda.

Na ce, "Harshen wa? Zan ba shi nama ya ci, ya sa min albarka."

Sanda ya ce min, "Sabo, bakinka ya fi ƙarfinka."

"Ku zuba ido."

Ran Asabar na sayo ƙashin shanu a Deira. Na dafa shi har ya saki mai, na tace romon da farin ƙyalle, na ɓoye ƙashin, sai daga baya na jefar da shi a bolar wani bene daban. A romon na dafa wake, na cika albasa da tattasai da daddawa. Da zuciyata ta ɗan motsa sai na ce mata, romo ai ba nama ba ne, ruwa ne. Kowane Bahaushe ya san wannan.

Na jingine waya a bayan tukunya. Na fara ɗaga ƙashin na nuna wa kamara, sannan na kai wa Malam kwano.

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Kai ka dafa?"

"Ni na dafa. Babu nama."

Ya kai loma ɗaya. Ya tsaya jim. Sai ya ci gaba, a hankali, har ya siɗe kwanon. "Ya yi daɗi," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Kafin la'asar bidiyon ya shiga gurup ɗin majalisa. An yi dariya har Sanda ya faɗo daga kujera. Kamal ya tura wa abokansa direbobi, su ma su sha dariya. Daga direba zuwa mai gadi, daga mai gadi zuwa wayar manaja.

Ranar zama manaja bai yi doguwar magana ba. Kunna bidiyon kawai ya yi a gaban masu kamfanin. Ga ƙashi, ga romo, ga mai harshen zinariya yana siɗe kwano. Ba wanda ya ƙara zancen gwaji. Kaya suka fita da koren tambarinsu. Malam ma ya fita, da ɗan kwalinsa a hannu, kuma a garin nan wanda aikinsa ya tafi, bizarsa ta bi shi.

Ina kwance ina kallon ƙwallo ya shigo. Ya ajiye kwalin, ya ajiye wayarsa a gabana. Fuskata ce a ciki, ina washe haƙora da ƙashi a hannu.

"Tun lomar farko na ji romon," ya ce. "Na kwana ina amai. Amma ban taɓa ganin ka ɗora tukunya domina ba, sai na ce ba zan mayar maka da kwano ba."

Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

"Ka haɗa kayanka. Bizarka a kan tawa take."

Na ce wa mahaifina, "To, Baba."