Muryar Dairo a Wayar Kowa

Shekara huɗu Dairo Petro ya yi yana jinyar mahaifiyarsa shi kaɗai a unguwarmu, nan Montería. Ciwon mantuwa ne ya kama Doña Eufemia. Wata rana ta gane shi, wata rana ta kira shi da sunan mijinta da ya daɗe da rasuwa. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki. Da safe yana kwaɓa fulawa a gidan burodin Don Evaristo, maƙwabciya na leƙa tsohuwar har ya dawo da azahar.

Hutunsa ɗaya ne a duniya. Ƙarfe huɗu na yamma, in tsohuwa ta yi barci, sai ya kunna wasan bidiyo, ya sa abin ji a kunne, ya shiga zauren hira da abokansa uku: Yeison, Ferney da Wílmer. Kowa da garinsa, ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Suna harbe-harbensu a allo suna zuba matsalolinsu. Ferney ya yi ƙorafin maigidansa, Wílmer ya yi na matarsa, a yi dariya a wuce. Dairo kuwa in ya fara maganar jinya, sai Yeison ya katse shi.

"Inna mai reno, bar mu da labarin bawali. Ga mutum can bayanka zai fasa maka kai."

Dairo yakan yi dariya tare da su, don ba shi da wasu abokan.

Wata Laraba tsohuwa ta farka ana tsakiyar wasa. Ta ɓata jikinta, ta shafa a bango, ta kunna murhun gas ta bar shi yana huci. Dairo ya jefar da abin kunnen ya ruga, bai kashe makirufo ba. Kwana biyu ke nan bai yi barcin kirki ba. Da ya kama hannunta sai ta gantsara masa cizo, shi kuma ya daka mata tsawa irin wadda bai taɓa yi ba.

"Na gaji da ke, Mama. Wallahi na gaji. Kashe ni kike son yi?"

Nan take ta fashe da kuka, ya rungume ta yana ba ta haƙuri. Ya wanke ta, ya canza mata kaya, yana rera mata waƙar da take so har ta yi shiru. Abokan uku duk suna ji, Yeison kuma yana naɗar sautin a wayarsa.

Minti ashirin ya naɗa, amma daƙiƙa goma sha ɗaya ya yanko: tsawar, da kukan tsohuwa. Ya ɗora kiɗa a kai, ya manna hoton Dairo da cikakken sunansa.

"Kai, wannan ba zai yi yawa ba?" in ji Ferney.

"Tsokana ce, mutumina. Gobe shi ma zai yi dariya."

Wílmer ya ce a turo masa ya gani. Daga shi muryar ta wuce zuwa wani zauren, daga can zuwa wani. Ferney bai tura wa kowa ba, bai kuma gaya wa Dairo ba.

Ranar Asabar muryar ta iso unguwarmu. Matan da ke sayen burodi suka ce ba za su ci abin da hannun mai azabtar da uwarsa ya kwaɓa ba. Don Evaristo ya kira shi bayan tanda.

"Na san ka, ɗana, amma ciniki ba ya jin bayani. Ka huta tukuna."

Aka watsa wa ƙofar Dairo ruwan kwata. Maƙwabciyar ta daina leƙowa. Ranar Litinin yayarsa Nelcy, wadda rabonta da gidan shekara biyu, ta sauka daga Medellín da mijinta da takardar izinin ɗaukar tsohuwa a hannu.

"Yaya Nelcy, ki tsaya ki ji abin da ya faru."

"Na ji da kunnena. Duniya ma ta ji."

Tsohuwa ta riƙe rigar Dairo, sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya aka sa ta a mota. Gidan tsofaffi aka kai ta, aka bar umarni kada a bar shi ya shiga.

Dairo ya roƙi Yeison ya saki sauran naɗin, mutane su ji ƙarshensa.

"Ai na goge, ya cika min waya," in ji Yeison. "Kuma fa ba ni na sa ka yi ihu ba."

A gidan tsofaffi Doña Eufemia ta ƙi karɓar abinci daga hannun kowa. Sati bakwai ta yi ta rasu. A wurin jana'iza Dairo ya tsaya can nesa, bayan wasu kaburbura, ba wanda ya yi masa ta'aziyya.

A bas ɗin da ya hau zuwa gida, wasu 'yan mata biyu a kujerar gabansa suka kunna waya. Ya ji muryarsa ta tashi a kan kiɗa. Suka tuntsire da dariya, ɗaya ta ce, "Sake sa mana." Ya sauka a tsayawa ta gaba, ya ƙarasa gida da ƙafa.

Mai karatu, wanda ya buɗe maka damuwarsa amana ya ba ka, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Kada ka mayar da ita abin dariya, kada ka tura abin da ba ka san farkonsa da ƙarshensa ba, kuma in ka ga ana yi, shirunka ma hannu ne a ciki.