Ranar da Baba Ya Sha Kaye

"To, Lauya, kare kanka," in ji mai garin Danwarai.

Baba, wanda ya shekara talatin yana tsayawa gaban manyan alƙalai, ga shi durƙushe a tabarma, takalmansa a bakin zaure. Mai ƙarar kuwa mahaifiyarsa ce. Laifinsa, ya gina mata gida a birni, ya matsa sai ta koma tunda ƙafa ta fara gaza mata.

"Wa ka duba min albasata in na tahi?" ta ce, tana nuna shi da sanda.

Na jira Baba ya zubo hujjoji yadda ya saba. Sai ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe, Inna ta hi ni gaskiya."

Da muka fito, haushi ya ishe ni. "Baba, ko kalma guda? To wa zai kula da ita?"

Ya yi murmushi, ya miƙo mini makullin mota. "Buɗe baya, ɗiyata. Tun gida na san ita ka yin nasara."

Na buɗe. Akwatin tufafinsa ne, da buzun sallarsa, da sabuwar fartanya.